Ɗigo Ɗaya Daga Randar Inna

Ruwan bana ya zauna da wuri. Jiya da hantsi na taka zuwa bayan gari, nan Gummi, na tsaya ina kallon masu noman firi. Gero ya kai idon sawu, ƙasa ta yi baƙi tana tururi, ga warin ciyawar da aka tuge. Ba geron na tsaya kallo ba. Ƙafafunsu nake kallo. Kowa a tsaye yake kan ƙafa biyu, ba mai ɗingishi, ba mai tsumma ɗaure a ƙwauri. Wani saurayi ya ajiye hauya ya zo ya gaishe ni, ya miƙo mini ruwan leda. Ba na jin ƙishi, amma na fasa na kurɓa, don haka aka tashe mu: ba a mayar da ruwa. Ina haɗiyewa daminar kurkunu ta dawo mini.

Yaran yanzu sun san kurkunu a baki kawai. Na same shi a ƙasashe da yawa. A Kumasi suna ce masa mfa, Yarbawa su ce sobiya, kuma ko'ina aikinsa ɗaya ne. Ƙurji zai fito a ƙafa yana ƙuna kamar an ɗora garwashi, ya fashe, sai ga kan farin zare. Za a kama shi a naɗa a tsinke, a riƙa jawowa kaɗan-kaɗan kullum. In ya tsinke, ƙafa ta kumbura, sai wanzami ya zo da ƙarfen sakiya. Abin da ya fi ciwon muni shi ne lokacinsa. Ba ya fitowa da rani, lokacin da mutum ke da hutun kwanciya. Sai ruwa ya sauka, ciyawa ta taso.

Ƙauyenmu yana tsakanin Bukkuyum da Gummi. A shekarar da nake faɗa ina da shekara talatin da wani abu, na dawo daga fataucin goro da ya kai ni Kumasi da Abijan da Kwatano, har mutane suka sa mini Na-Kumasi. Tun bara rijiyar gari ta rufta, kowa ya koma tafki. Da ruwan fari ya sauka muka yi shuka lafiya. Kafin gero ya rufe ƙasa, gari ya kwanta. Ƙanena Garba, wanda shi ke riƙe da gandunmu, kurkunu ya kama shi a ƙafa biyu. In ka bi layi da safe, kowane zaure akwai mai kwance kan tabarma, ƙafa a miƙe, ƙuda na bi. An kira gayya a gonar maigari, makaɗi ya zo da gangarsa, waɗanda suka fito ba su cika kunya biyar ba. Ya yi kiɗa kaɗan ya rataye gangar ya karɓi hauya.

Ruwa kuwa bai san ana ciwo ba. Kullum da la'asar hadari zai haɗo daga gabas, ya zubar, rana ta buɗe da safe, harƙiya ta ƙara tsawo. Sai ka tsaya bakin gona ka rasa geron a cikin ciyawa. Rumbu ya kai ƙasa. Inna takan auna gero da ƙoƙon da a da ake aunar gishiri, ta yi kunu, sauran ciki a cika shi da kwaɗon tafasa da rama. Da dare ɗaki na ɗiga, da rana kayan jiki ba sa bushewa, ko'ina warin danshi da na miki. Nakan fita da asuba ni kaɗai, in yi noma har bayana ya ƙage, in waiwaya in ga abin da na yi bai kai shimfiɗar tabarma goma ba.

Abu ɗaya ne bai canja ba a gidanmu. Tun rasuwar mahaifinmu, Malam Audu, Inna ta kafa randa a ƙofar gida, gindin durumi, kan hanyar gona. Sadaka ce dominsa. Kafin gari ya waye ta wanke ta, ta zuba jiƙaƙƙen yashi a gindi, ta jefa saiwar jema, ta rufe da faifai, ta kife moɗa a kai. Ruwan yakan yi sanyi har haƙori, ga ƙamshi. Na sha ruwan firji a manyan otal, ban sha mai kashe ƙishi kamarsa ba. Duk wanda ya sha, manomi ko Bafillatana mai tallan nono, zai ɗaga murya ya ce, “Allah shi jiƙan Malam Audu.” Inna tana bayan danga tana aikinta, sai ka ji ta ce amin a hankali. Ba ta da gona tata, ba ta da dabba. Wannan addu'ar ita ce abin da take tarawa.

Ana tsakiyar wannan hali wani ma'aikacin lafiya ya iso daga Anka a kan babur, da akwatin katako ɗaure a baya. Sunansa Etim, saurayi ne daga can bakin teku, Hausarsa ba ta wuce sannu ba. Maigari ya ce ni zan yi masa tafinta. Na ji daɗi, na sa rigata mai kyau, na kawo shi ƙofar gidanmu saboda inuwa, mutane suka taru. Masu ciwon ma an tallabo waɗansu.

Inna ta ji an yi baƙo. Ta aiko da sabuwar ƙwarya, an ɗebo daga randar, an rufe da faifai mai ado. Na durƙusa na miƙa masa. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya ajiye a gabansa.

Na ce masa da Turanci, ƙasa-ƙasa, “Ka taɓa da leɓe kawai.”

Ya ce, “Daga ina ake ɗebo shi?”

“Tafki.”

“Yi haƙuri. Ba zan iya ba.”

Kowa ya gani. A wurinmu wanda ya ƙi ruwanka, ko yana zarginka ne, ko ya raina ka. Shi kuma, ina jin so yake ya gyara, sai ya ce ai wannan ruwan ma zai yi wajen nuna wa mutane inda kurkunu ke fitowa, ba sai an je tafki ba. Ya buɗe akwatin ya fito da madubin likita.

Na taɓa ganin irinsa a asibitin Kumasi, amma daga nesa. Baƙin ƙarfe ne mai wuya a tanƙware, da bututu, da ɗan faranti, da ƙaramin madubi a ƙasa. Muka kifa turmi a bakin inuwa ya ɗora. Ya juye ruwan Inna a kwalba ya ɗaga wa rana. Akwai ɗige-ɗige farare, ƙanana ƙwarai, waɗanda kowa zai ce ƙura ce. Ya tsotso ɗaya da ɗan tsinken roba, ya ɗiga a kan gilashi, ya juya madubin ƙasa har hasken rana ya faɗo a ɗigon. Ya duba ya sake, ya duba ya sake. Can ya ce in zo.

Na rufe ido ɗaya na leƙa. Da farko farin fili kawai na gani, kamar wata. Ya murɗa wani abu a gefe, sai ga wata ƙaramar dabba. Ta yi kama da jatan-landen da ake kasawa a kasuwar Kwatano, mai gashin baki biyu dogaye, wutsiya a rabe, jan ido guda a tsakiyar goshi. Jikinta garau, ana ganin ciki. A cikin cikin akwai wani siririn zare a nannaɗe, yana motsi.

Etim ya ce, “Gaya musu. Wannan zaren shi ne ɗan kurkunu. Mai ciwo ya sa ƙafa a tafki don ya ji sanyi, 'ya'yan su zuba a ruwa, wannan ƙwaron ya haɗiye su, mutum ya sha ƙwaron. Sai shekara ta zagayo ya fito.”

Na gaya musu. Aikina ke nan, kuma gaskiya ce. Amma mutane ba Turancin Etim suka ji ba. Muryar ɗan Inna suka ji, a ƙofar gidan Inna, yana cewa ga kurkunu a ruwan randarta.

Aka yi layi. Kowa ya leƙa sai ya ja da baya yana salati. Mamman Dogo, taubashina, wanda aka kawo a kan jaki saboda ƙafarsa, ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗago.

“Na-Kumasi, ashe da nama kuke ba mu ruwa shekara da shekaru. Da kun hwaɗi, da mun yi godiya biyu.”

Aka yi dariya, irin wadda ba ta daɗewa. Wata mata ta janye ɗanta daga kusa da randar. A bayan danga na ji taɓaryar Inna ta tsaya.

Liman ne ya nemo mana mafita. Dattijo ne mai tausayi, abokin mahaifinmu. Da ya leƙa, Etim ya tura gilashin dama don ya biyo ƙwaron, sai Liman ya ga ƙwaron ya yi hagu. Ya ce a sake. Aka tura sama, ya yi ƙasa. Liman ya miƙe ya gyara rawani.

“Jama'a, ku dakata. Abin da ka maida dama hagu, shi za mu ɗauka shaida? Kun manta majigin da anka kawo Gummi, doki na gudu bisa bango? Akwai doki ga bangon? Wagga dabba cikin ƙarhen take. Da ita yaz zo.”

Nan take fuskoki suka saki. Har ni sai da na so maganar ta zauna. Na fassara wa Etim. Bai yi fushi ba. Ya kwance gilashin sama ya ba Liman, ya kwance na ƙasa, ya ɗaga bututun aka leƙa, ba komai sai sararin sama. Ya tsinko ganyen durumi mai sauran ruwan safe, ya nuna yadda jijiyar ganyen ta yi kauri a ƙarƙashin ɗigon. Ya ce haka gilashin yake, mai tudu a tsakiya kamar ƙwayar wake. Haske yana tasowa daga madubin ƙasa, ya ratsa abin da aka ɗora, ya shiga gilashin farko. Gilashin ya tanƙwara hasken, na dama ya ƙetara hagu, na hagu ya ƙetara dama, su haɗu a cikin bututun su kafa hoton abin, babba amma a juye. Gilashin da ke wajen ido kuma wannan hoton yake ƙara wa girma. Shi ya sa ake ganin juyin. Ba ya ƙara komai daga kansa, abin da aka sa masa yake nunawa.

Na fassara iyakar iyawata. Ban taɓa jin Hausa ta yi mini nauyi a baki kamar ranar ba. Liman ya ɗora gilashin kan hannun rigarsa, ya ga zaren saƙa ya zama kamar igiyar guga, ya jinjina kai, amma ya ce, “Duk da haka dai.” Mutane suka ce duk da haka dai. Da an tashi a nan, da an ce baƙo ya zo da sihirinsa ya tafi.

Sai ga Inna a bakin zaure, lulluɓe da mayafi, da ƙwarya a hannu. A kafaɗarta akwai farin rawanin Malam Audu, wanda ke ƙasan adaka tun rasuwarsa. Ni ɗan fari ne, ba ta faɗin sunana.

“Kai. Ce ma baƙonka ina son in gani.”

Aka buɗa mata. Ta sunkuya, ta rufe ido ɗaya da yatsa, ta daɗe.

“Wanga da ka motsi ciki, shi na?”

Na ce shi ne.

“Na ji ya ce in an tace da ƙyalle mai ƙaramin ido, ƙwaron ba ya wucewa. Haka yac ce, ko kai ka ƙara?”

“Haka ya ce, Inna.”

Ta ninka rawanin, ta ninka kuma, ta shimfiɗa a bakin ƙwaryar, ta ɗebo daga randar ta zuba a kai. Ta miƙa wa Etim tataccen. “Shi sa wanga. In dabbar cikin ƙarhen take, za mu ishe ta.”

Liman ya ce, “Haba, ke ko. Ki bari mana.”

“Malam, na ji abin da kac ce, Allah shi saka. Amma diyan mutane na sha.”

Etim ya goge gilashi ya ɗiga. Farin fili, ba komai. Ya sake, ba komai. Sai Inna ta juya rawanin ta ɗauraye abin da ya tare a ɗan ruwa, aka ɗiga. Wannan karon ba ɗaya ba ce, suna ta karo da juna. Liman ya leƙa, ya koma wurinsa ya zauna. Inna ta karɓi ƙwaryarta ta shige gida.

Da Etim zai tafi ya riƙe hannuna ya ce a ba mama haƙuri. Ya roƙe ni in gaya wa mutane cewa duk randar garin haka take, tunda tafki ɗaya ne. Na faɗa, da ƙarfi ma. Suka ce to. Amma abin da ido ya gani ya fi abin da kunne ya ji zama, kuma a randa ɗaya aka gani.

Washegari Inna ta wanke randar kamar kullum, ta tace ruwan da rawani, ta ɗaure wani sashensa a bakin, ta kife moɗa. Masu tafiya gona suka wuce ta ɗaya gefen hanya, suna gaisuwa da ido a ƙasa. Da rana ta take, waɗansu suka gangara tafki suka sha da hannu. Da magariba randar na cike. Inna ta juye ruwan a gindin durumi. Gobe ma haka, jibi ma haka.

Ni kuwa hanyar masallaci na canja. In na hango taro a dandali sai in ga kamar maganarmu ake yi. Na zauna a garuruwan da aka kira ni baƙo, aka yi wa Hausata da Turancina dariya, ban ji komai ba. A garin da aka yanke cibiyata na kasa ɗaga kai. In na shigo gida kuma ba na iya duban Inna, ita ma ba ta dubana. Sai ta ajiye mini kunu ta juya.

Lokacin maimai na ji Etim zai sake biyowa ta Bukkuyum. Na sami Inna tana tsince tafasa.

“Zan kawo shi. Mu bi gida-gida, a ɗebo daga randar kowa, a sa a madubin gaban jama'a. Har ta gidan maigari.”

Ba ta ɗago ba. “Don mi?”

“Don su san ba taki kaɗai ba ce.”

“Sun sani.”

“To me ya hana su sha?”

“Kunya suka ji, kamar yadda kaka ji.” Ta watsar da kara. “Ka hwaɗa ma kowa shi tace ruwa, wannan aikinka na. Amma ba ka kai wanga gilashi ga randar wata mata. Tawa ta isa garin.”

Ban kawo shi ba.

A hankali na fara lura da wani abu. In na bi ta bayan gidaje da hantsi, sai in ga ƙyallaye a shanye kan danga: tsohon kallabi, hannun riga, gefen zane, kowanne da zagayen laka a tsakiya daidai faɗin bakin tulu. Ba wadda ta ce ta koya daga wani. Ba wadda ta zo ta ce wa Inna komai. Randar ƙofar gida dai tana nan cike.

Gero ya yi abin da zai iya a cikin ciyawa. Zangarniyar ba ta fi tafin hannu ba a gonaki da yawa. Muka fara cin tumu tun bai gama ƙosawa ba. Garba ya tashi da sanda. Ruwa ya ja baya, rana ta dawo da zafin nan na kaka mai sa kai ciwo. Wata azahar ina gyaran igiyar ɗaurin dami a zaure, sai na ji takun sanda. Mamman Dogo ne, daga gona. Kurkununsa ya tsinke a gwiwa, ƙafar ta sandare, haka ya ƙare rayuwarsa. Ya tsaya gindin durumi yana haki, ya dubi randar, ya dube ni.

“Na-Kumasi, yau akwai naman, ko romo kaɗai ya rage?”

Na ce, “Ka makara, an tsame.”

“Ku dai ba ku da kirki. Talaka ya samu ɗan maiƙo, kun kira Bature ya hana.”

“Ba Bature ba ne.”

“Wanda ya ƙi ruwan Inna ko baƙi na kamar tukunya, Bature na.”

Ya jingina sandar, ya ɗaga faifan, ya taɓa rawanin da ke bakin randar da yatsa. Ya kwance gefe ɗaya ya cika moɗa. Ya sha, ya ƙara, ruwa na bin gemunsa. Akwai mutane a hanya ɗauke da dammuna, suka rage tafiya. Ya mayar da rawanin ya ɗaure yadda ya same shi. Sannan ya juya wajen danga ya ɗaga murya fiye da yadda ake bukata.

“Allah shi jiƙan Malam Audu.”

Har na ɗauka Inna ba ta kusa. Can na ji ta ce amin. Bayan ɗan lokaci ta ce, “Kai. Ɗauko tulu ka cika ta, rana da saura.”

Ba duka suka dawo ba. Akwai waɗanda har Inna ta bar duniya ba su sake taɓa moɗar nan ba, kuma suna cikin waɗanda suka yi mata salla. Daminar da ta biyo masu kwanciya sun ragu, daga baya aka haƙa burtsatse, yau ga shi sai an yi wa yaro bayanin mene ne kurkunu. Na sha leƙa madubin likita bayan haka, har jikata da ke aikin gwajin jini a asibiti ta nuna mini na zamani, mai fitila a ciki maimakon madubi. Aikinsa ɗaya da na Etim, dama ta koma hagu, kuma ba ya ƙara komai daga kansa.

Na daɗe ina neman wanda zan ɗora wa laifin ranar, ban samu ba. Kunyar ce dai ba ta tafi ba. Har yau in aka yi baƙo a gidana aka kawo masa ruwa, sai in katse maganar da nake yi in zuba wa hannunsa ido, ba na iya ci gaba sai na ga kofin ya kai bakinsa.